Ɗan Da Ba A Ƙirgawa

A filin jirgin da muka ya da zango, wata ƙasa tsakanin tamu da ta Turawa, a can na fara gane cewa tafiyar nan ba ta da niyyar yi mini sauƙi. Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na baro Jega ba, kowa ya san yadda ake barin gida. Abin da ya kamata ku sani shi ne ina rungume da jaka, cikin jakar akwai littattafai tara, cikin littattafan kuma akwai mutuncin ɗiyata.

Ni ne Umaru, wanda ake ce wa Akawu a kasuwar albasa ta Aliero, saboda shekarun da na yi ina rubuta wa dillalai lamba a jikin buhu. Aji huɗu na yi a boko kafin boko ta gaji da ni. Malamin da ya koya mini Bakano ne, shi ya sa hannuna ke rubuta Kananci, bakina kuwa bai taɓa barin Jega ba. In kun ga sun saɓa, ku bi wanda kuka ga dama.

Wata ma'aikaciya a ƙofar jirgi ta nuna jakata, ta nuna wani ƙaramin keji na ƙarfe, ta girgiza kai. Wai jakar ta yi girma, sai dai a jefa ta cikin jirgi tare da kaya. Na ce a jefa. Na zazzage littattafan a gabanta, na kwance rawanina, na ɗaure su a ƙirji ƙarƙashin riga. Ta dube ni kamar za ta kira 'yan sanda. Tun daga ranar har yau ban sake ganin jakar nan ba, da rigar sanyin da ke ciki.

Bari in koma baya kaɗan, don kada ku ɗauka hauka ne.

Ɗiyata likitar mata ce, tana koyarwa da bincike a wata jami'a can Turai. Likita nake ce mata. Wasu shekaru da suka wuce ta dawo gida don ta binciki abin da ke sa mata zubar da jini bayan haihuwa. Tana bukatar wanda magidanta za su bari ya zauna a zaurensu, sai ta ga babu kamar tsoho mai babur da furfura. Na shiga Katanga, na shiga Gehuru da Alelu, har rugagen da ke wajen Maiyama. In zauna a zaure, matar gida tana bayan asabari, in yi tambaya in rubuta cikin littattafan nan.

"Haihuwa nawa kinka yi?"

"Uku."

Sai surukarta ta yi tari daga can gefe. Ni ma na san abin da tarin yake nufi, ba a Makka aka haife ni ba. A wajenmu mace mai kunya ba ta ƙirga ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa. Wannan na kakarsa ne. To Likita ta gargaɗe ni in rubuta abin da aka faɗa, kada in saka iyawata. Sai in rubuta uku da biro cikin akwatin amsa da aka zana a shafin, sannan a bakin takarda in sa fensir in rubuta da ajami: da na kaka. Duk inda Likita ta ga wannan, sai ta ƙara ɗaya.

Aikin ya fito a mujallar likitoci. Bayan wani lokaci ta bugo mini waya da murna.

"Baba, ana ta ambatona."

"A'uzu billahi! Su wa? Mi kinka yi masu?"

Ta yi dariya ta yi mini bayani. Wai a sana'arsu, in wani masani zai rubuta nasa aikin ya jingina da naka, dole ya sa sunanka a ƙasan takardarsa. Wannan shi ne ambato. Akwai ma kwamfuta da ke ƙirga wa kowa nasa, kuma da shi ake auna mutum, da shi ake ƙarin girma. Ta gaya mini adadin nata. Ba zan rubuta shi ba, abin da baki ya jawo mana ya ishe ni.

Ƙanwata Kulu ce ta fara faɗa. Ta ce, "Yaya, mutanen da ba su san ta ba suna ta kiran sunanta safe da marece, kai kana murna? Bakin mutane ba ya barin mutum lahiya." Muka yi mata dariya.

Sai ga wani farfesa a wata ƙasa, cikin masu ambaton nata, ya ce a aiko masa da takardun asali ya gani. Aka aika masa da hotunansu. Ya duba akwati ya ga uku, ya duba aikin Likita ya ga huɗu. Ya duba wani ya ga biyar, ita ta sa shida. Bakin takardar kuwa, wani hoton ya yanke shi, wani kuma ya fito kamar kaza ta yi tono. Ya rubuta wa mujallar cewa ƙarya ta shirya. Ta yi musu bayanin al'adarmu, suka ce wannan maganar wanda ake tuhuma ce, a kawo shaida. Aka kafa kwamiti, aka gayyace ni in kawo littattafan da kaina. In suka same ta da laifi za a janye aikin, a buga masa hatimi kowa ya gani, aikinta na jami'a ya tafi, duk wanda ya taɓa ambatonta kuma ya goge.

Kulu dai ta dube ni. Da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Kwamitin ya hana Likita taɓa littattafan, ya hana ta ganina kafin ranar zama, kada a ce mun haɗa baki. Shi ya sa da na sauka a ƙasar tasu babu mai jirana sai kare.

Karen na gwamnati ne, har da riga. Ya wuce mutum ashirin bai kula ba, ya zo gabana ya zauna yana kallon ƙirjina. Littattafan nan sun yi shekaru a ɗakin da nake ajiye albasa. Ni hancina ya daɗe da daina ji, amma na kare bai yi ritaya ba. Aka kai ni wani ɗaki marar taga. Suka kwance rawanin, suka buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya, suka ga ajami, suka dubi juna. Wannan kallon na gane shi ba tare da tafinta ba.

Wani jami'i mai jan gemu ya zauna gaban kwamfuta. Da guntun Turancina na gane tambayarsa: wurin wa ka zo? Na ce wurin ɗiyata. Ya ce sunanta? Na ce Likita. Ya ce ba aikinta ba, sunanta. Na miƙa masa takardar gayyata, na nuna da yatsa. Ya ture ta. Ya ce da bakina yake son ji.

Jama'a, shekara arba'in da wani abu sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ita ce ta fari. Na buɗe baki, harshe ya ƙi. Ya juyo mini da kwamfutar. Ga takardar da na cike lokacin neman biza, inda aka tambaye ni 'ya'yana. Biyar na ce wa mai bugawa, na jera masa su. Ya bi su da bakin biro ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ciki. Sunan ubanta ma ba zai cece ni ba, don sunan gari ta ɗauka tun tana makaranta.

Mutum ya ce ɗiyarsa ce, bai san sunanta ba, ba ta cikin 'ya'yansa, ga rubutun da ba a gane ba ɗaure a ƙirjinsa. Ni kaina da ni ne mai jan gemun da ban sake ni ba. Ya kwashi littattafan ya sa a wata leda ya liƙe, ya fita da su. Na ji an murɗa makulli.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, na yi su a zaune ban san gabas ba. Abin da ke raina shi ne jibi ne zaman kwamiti, kuma jirgin da ya kawo ni yana nan bai koma ba.

Da aka buɗe ƙofa wata mata ce ta shigo da bokiti da tsumman goge ƙasa. Baƙa ce, ta manyanta. Ina ta jan "Hasbunallahu" sai ta tsaya.

"Baba, daga ina?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin Hausa kamar ranar ba. Mutuniyar Dogon Dutsi ce, shekararta goma sha a can. Na kwashe labari na gaya mata. Ta jingina da sandar gugarta ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ta hwari ce ko?"

"Awo."

"Haba Baba! Kunya har cikin Turai? Nan ko karensu sunansa ake kira."

Ta je ta kirawo mai jan gemu, ta yi ta yi masa bayani da yarensu. Bai yi dariya ba. Ya buga komai a kwamfuta, ya kira jami'ar a waya, ya daɗe yana saurare. Daga ƙarshe ya dawo mini da littattafan, ya haɗa mini da wata takarda mai hatimi, ya ce an rubuta abin da ya faru, kuma in na sake ba da bayanin da bai dace da juna ba za a mai da ni. Matar ta cusa mini burodi a aljihu ta koma kan gugarta. Ko sunanta ban tambaya ba. Kun ga dai ni da sunaye ba ma shiri.

Daga nan sai jirgin ƙasa zuwa garin jami'ar. A tasha ina tsaye gaban injin tikiti kamar mai gaisuwar mutuwa, sai wani ya yi mini sallama cikakkiya, har da wabarakatuhu. Ya ce kada in wahala, ga tikiti ya saya bai samu tafiya ba. Na biya shi, har na sa masa albarka. Mun yi nisa mai duba tikiti ya zo, ya juya shi, ya nuna mini kwanan wata. Na jiya ne. A tasha ta gaba ya sauke ni.

Tashar babu kowa, babu ɗaki, rumfa ce kawai ta gilashi da iska ke shiga ta ko'ina. Ga ruwa, ba irin namu da ke zuwa da tsawa ya yi ya gama ba, wani siriri mai naci da ke zuwa a kaikaice. Rigar sanyina tana can tana yawon duniya cikin jaka. Na duƙa na rufe ƙirji da hannu biyu, amma ina jin sanyin ruwan yana ratsa rawanin. Bakin littafi shi ke fara jiƙewa. Bakin littafi kuma shi ne duk abin da na zo da shi.

Wata tsohuwar Baturiya ta iso da lema. Ta dube ni, ta ce wani abu, na ce wani abu, babu wanda ya ji wani. Ta zazzage kayan cefanenta cikin aljihun rigarta, ta ba ni ledar in rufe littattafan. Ta danna injin da ke jikin rumfar ta ciro mini tikiti, ta ƙi karɓar komai. Da jirgi ya zo ta tura ni ciki da bakin lemar kamar mai korar akuya.

A masaukin da jami'a ta kama mini na jera littattafan kan wani ƙarfe mai zafi da suke dumama ɗaki da shi. Na daɗe ban iya buɗewa ba. Da na buɗe na farko sai na ga tawadar biro ta malala a wasu shafuka, ta yi shuɗi-shuɗi. Na kai ido bakin takarda. Fensir yana nan daram, ruwa bai san da shi ba. Dalilin da ya sa na yi amfani da fensir tun farko kuwa rowa ce, kada biron Likita ya ƙare.

Ranar zama aka shigar da ni wani ɗaki mai dogon tebur. Mutum biyar a gefe guda, shugabarsu wata mai farin gashi. Likita tana can ƙarshen tebur ita kaɗai. Ta rame. Ta ɗan rusuna daga zaune, na ɗaga mata hannu, iyakar gaisuwar da aka yarda mana ke nan. Farfesan da ya kawo ƙara yana cikin talabijin a jikin bango, kansa ya fi na kowa girma. Tafintan da suka samo mini mutumin zangon Kumasi ne. Hausarsa tana tafiya, amma da ɗingishi.

Na buɗe littattafan, na karanta musu ajamin shafi bayan shafi. Da na kaka. Da na kaka. Suka zagayo suna leƙe, wani har da toshe hanci. Na fara jin ƙarfi. Sai na bango ya yi magana, tafinta ya juya mini.

"Ya ce shi ya tsufa cikin aikin nan, bai taɓa ganin uwa ta manta ɗanta ba."

"Ce mai ba mantuwa ba ce. Wanda ba a hwaɗi shi aka hi tunawa."

"Ya ce wannan zance ne mai daɗi. Amma kai ubanta ne. Fensir kuma ba ya da kwanan wata. Ya ce wa ya san ko makon jiya ka rubuta?"

Na ga biyu daga cikinsu sun gyaɗa kai suna rubutu. Na dubi Likita, ta sunkuyar da kai tana kallon hannunta. Duk ruwan da na sha, da kare, da ɗaki marar taga, mutumin nan ya share su da magana ɗaya. Kuma ban ga laifinsa ba. Da gaskiyarsa, ta inda yake tsaye.

Shugabar ta ce in ba ta fasfo ɗina a rubuta ko ni wane ne kafin a sallame ni. Na ciro shi. Takardar mai jan gemu tana naɗe a ciki, na ma manta da ita. Ta warware, ta karanta, ta gyara tabarau ta sake karantawa. Ta ɗago ta yi magana, tafinta ya juya mini.

"Ta ce 'ya'yanka nawa?"

"Biyar."

Bakina ne ya amsa, bai yi shawara da ni ba. Ta nuna ƙarshen tebur.

"Ta ce waccan fa?"

"Waccan ta kakarta ce."

Ta ɗaga takardar saitin talabijin, ta karanta wa farfesan da ƙarfi. Tafinta yana raɗa mini: wai shekaranjiya, a bakin iyakar ƙasarsu, jami'insu ya tsare wani tsoho yini guda saboda ya ƙirga 'ya'yansa ya bar ta fari, kuma ya zaɓi a mai da shi gida da ya kira sunanta. Ga hatimi, ga kwanan wata. Takardar bizar kuma an cike ta tun watanni.

Na bango ya ce wannan uba ne, su kuma maganar uwaye suke yi.

A nan Likita ta nemi izini. Da Turanci ta fara, sai ta juya Hausa, ina jin don ni, tafinta ya koma yi musu.

"Ranar da Inna ta je haihuwar autanmu, ungozoma ta tambaye ta haihuwa nawa ta yi a baya. Tac ce huɗu. Ina tsaye bakin ƙohwa, ina ji. Biyar ce. Ni ce ba ta ƙirga ba. Wadda haihuwarta ta yi yawa, ido daban ake sa mata, a tanadi abin tsai da jini tun kahin a buƙata. Ita an sa ta layin kowa. Ban ce da ta hwaɗi gaskiya da ta rayu ba. Allah Shi ya sani. Amma tun ranar nake ƙara ɗayan nan."

Ni ban taɓa sanin ta ji ba. Ina waje lokacin, ina neman wanda zai ba da jini.

Shugabar ta daɗe tana rubutu. Daga nan ta ce saura abu ɗaya don cika ƙa'ida: shaida ya faɗi wanda ya sa shi wannan aiki, na'ura tana ɗauka.

Na ce, "Likita."

Tafinta ya ce, "Ta ce duk wanda ke ɗakin nan likita ne. Wacce?"

"Baba, bari," in ji ta daga can. "Ba dole ba ne. Ni sai in hwaɗa masu."

Na dubi na bango. Shi da bai taɓa ganin ta tana rarrafe ba ya kira sunan nan ya fi sau goma tun da muka zauna, yana ma karya shi. Mutanen ƙasashen da ban san da su ba sun rubuta shi a ƙasan takardunsu. Uwarta ta tafi ba ta faɗa ba. Na dafa tebur, na gyara murya kamar mai kiran salla, na faɗa. Cikakke, yadda liman ya raɗa shi ranar suna.

Ba zan rubuta muku shi a nan ba. Sau ɗaya ya isa. Mai son sani ya je ya duba ƙasan takardun Turawa.

Kwana tara muka yi muna jira. Yanzu an yarda in zauna gidanta, amma ba mai cin abincin kirki a cikinmu. Duk ƙarar da wayarta ta yi sai mu dubi juna. Ran na goma wasiƙa ta zo. Aikin yana nan, ba za a janye ba, sai dai a ƙara bayanin al'adar a jikinsa yadda kowa zai gani. Farfesan bai ba da haƙuri ba. An ce dai yana shirin sake duba nasa takardun na wasu ƙasashe, kuma ba ya barci sosai. Allah Ya ba shi lafiya.

Ta karanta mini wasiƙar sau biyu, sannan ta ce, "Baba, ran nan ban ji da kyau ba. Tahinta yana surutu. Sake hwaɗi."

"Ke ji mini ɗiya! Kasuwar Jega ce da za a yi ta maimaita ciniki?"

Na ce ta buɗe mini kwamfutar nan mai ƙirga ambato in ga ko ta motsa. Ta buɗe. Adadin yana nan yadda yake tun kafin in zo.

"Ba ta sa nawa ba?"

"Ba ta ƙirga irin wannan, Baba. Sai wanda anka buga a mujalla."

Na ce ashe ita ma 'yar garinmu ce. Na jawo wasiƙar kwamitin, na laluba aljihu na ciro guntun fensirina. A bakin takardar, daidai inda suka buga sunanta, na rubuta da ajami: da na uba.